Takubban Sarakunan Yaƙi a Ƙasar Madaki da Masu Tara Su

Gabatarwa

A ƙasar Dawakin Tofa, kamar sauran ƙasashen da ke kewaye da birnin Kano, akwai tsofaffin gidajen sarauta da na barade waɗanda har yau ba su rasa wani makami na kaka da kakanni a ajiye ba. A wani gidan mashi ne a soke a jikin azara, a wani guntun sulke ne a gindin adaka, a wani kuwa takobi ne a rataye a turakar maigida, ba a sauko da shi sai ranar hawa. Akwai kuma waɗansu mutane, a nan gida da ƙasashen waje, da suka ɗauki tara irin waɗannan takubba a matsayin sha'awa ko sana'a, suna kashe dukiya a kansu. Tsakanin mai gado da mai tarawa kuwa akwai dillali, wanda ke bin ƙauyuka yana cigiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin takobin sarkin yaƙi, watau wanda aka haɗa wa wani jarumi musamman dominsa, da yadda ake haɗa shi, da kuma abin da ke ba shi daraja. Za a ga cewa ruwan irin wannan takobi yawanci baƙo ne, tufafinsa ne aikin gida, labarinsa kuwa a bakin mutane yake. Wannan na ƙarshe shi ya fi saurin salwanta da zarar takobin ya canja hannu.

Ƙasar Madaki da Yaƙe-yaƙenta

Ba abin mamaki ba ne a sami takubba a wannan yanki, domin Dawakin Tofa mazaunin Madakin Kano ne. Kalmar Madaki taƙaitawa ce ta Madawaki, watau mai dawaki, kuma a tsarin sarautun Hausa na dauri shi ne shugaban mayaƙan da ke kan doki. Bayan jihadin da ya kawo ƙarshen mulkin Sarki Alwali a 1807, sarautar ta koma gidan Yolawa, dangin Malam Jibir, ɗaya daga cikin malaman da suka ja ragamar jihadin a Kano. Madaki yana cikin hakimai huɗu masu zaɓen sarki, tare da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A da a birni yake zaune. Sai da Turawa suka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, suka tura kowane hakimi ya zauna cikin talakawansa, sa'an nan Dawakin Tofa ta zama mazauninsa.

Ƙasar tana arewa maso yamma da birni, a bakin hanyoyin Katsina da Kazaure da Daura, saboda haka ta ga ƙurar dawaki ba kaɗan ba. A zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, Ɗan Tunku ya daɗe yana addabar arewacin Kano kafin ya kafu a Kazaure. Daga 1893 aka shiga Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wadda ta raba gidajen sarauta biyu. A ƙarshen wannan ƙarni kuma rundunar Damagaram ta gwabza da ta Sarki Alu a Tattarawa, garin da ke cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a yau. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka ci birnin Kano, kafin watan ya fita kuma aka yi karon Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasu tare da barade masu yawa waɗanda suka tunkari bindiga da mashi da takobi. Daga wannan shekara takobi ya tashi daga kayan yaƙi ya koma kayan ado. Ke nan duk takobin da aka ce ya taɓa shiga fagen fama a ƙasar Kano, dole shekarunsa su haura 120.

Ruwan Takobi

Takobin da aka fi sani a ƙasar Hausa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu. Tsawon ruwansa yakan kai inci 30 zuwa 33, yana da faɗi a gindi, yana tsukewa a hankali, bakinsa kuma sau da yawa a zagaye yake, domin an yi shi ne don sara, suka kuwa aikin mashi ne. Shi ne dai wanda Buzaye ke ratayawa, sunan ma kusan ɗaya ne a harsunan biyu. Hausawa sun bambance iri-iri da sunaye. Dunhu shi ne wanda babu wani zane a jikin ruwansa. Tamogashi yana da layi uku a kwance a tsawonsa. Tama shi ne mai araha, wanda ƙarfensa ba shi da ƙwari. Akwai kuma lanƙwasassu masu kaifi ɗaya, irin su bisalami da hindi. Kansakali kuwa suna ne na takobi gaba ɗaya, an fi jin sa a bakin maroƙa da masu kirari.

Daga ina ruwan yake zuwa? Kyaftin Clapperton, wanda ya sauka a Kano a 1824, ya ce daga tsibirin Malta ake kai su Bingazi a musanya da shanu, a ratso Sahara da su zuwa Barno, daga nan su iso Kano inda ake yi musu ƙota da kube. Har ya ƙara da cewa su ne ainihin takubban da jarumawan Malta suka yi yaƙi da su. Wannan ƙarin dai ya fi kama da daɗin bakin matafiyi, amma hanyar da ya zana gaskiya ce. Dokta Barth, wanda ya zo a 1851, ya fi shi ƙididdiga. Ya kimanta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 Kano kowace shekara, kowane ɗaya a kan wuri 1,000, kuma kusan duk waɗanda ya gani ƙirar garin Solingen ne na ƙasar Jamus. Daga kasuwar Kano, in ji shi, Buzaye da Fulani da Nufawa da Barebari duk suke saye.

Ko da an rage rabin lissafin Barth, abin da ya rage ya isa ya nuna abu biyu. Na farko, Kano ce cibiyar haɗa takobi a wannan sashe na Afirka. Na biyu, wanda masu tarawa ba su cika son ji ba, ruwan Turai ba wani abu ne mai wuyar samu ba. A lokacin ana canjin liyari ɗaya, watau dalar azurfa, a kan wuri 2,500, ke nan ruwa guda bai kai rabin liyari ba. Kayan fatauci ne da ake ɗaurowa dami-dami a bayan raƙumi, kamar allura da madubi da takarda.

Duk da haka idon mai tarawa a kan tambarin ruwa yake fara sauka. Akwai hoton kyarkeci yana gudu, wanda asalinsa tambarin maƙeran garin Passau ne kafin na Solingen su ara. Akwai jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum, a kusa da inda kwarmin ruwan ya ƙare. Wani masani mai suna Lloyd Cabot Briggs ya yi nazarin waɗannan tambura a jikin takubban Buzaye a 1965, ya nuna cewa da yawansu ba a Turai aka buga su ba. Maƙeran Afirka ne suka lura mai saye ya ɗauki tambarin a matsayin shaidar ƙwari, wani ma a matsayin kariya, sai suka riƙa buga nasu a jikin ruwan da suka ƙera ko wanda ya zo ba tambari. Saboda haka tambari shi kaɗai ba hujja ba ne. Mai ido yakan duba zurfinsa da tsaftarsa, ya duba ko kwarmin ya miƙe sak, ya ɗan lanƙwasa ruwan ya ga ko zai koma yadda yake.

Tufafin Takobi

A nan ne aikin musamman yake, kuma a nan ne hannun Bahaushe yake. Idan babban bafade ko hakimi ya sami ruwan da ya kwanta masa a rai, sai ya miƙa shi ga masu sana'a, aƙalla iri uku. Maƙerin baƙi shi ne zai daidaita wutsiyar ruwan, ya sa ƙarfen da ke gittawa tsakanin ruwa da ƙota don kare hannu, ya ɗaure ƙarshen ƙotar da dunƙulen ƙarfe wanda ke daidaita nauyi. Ƙotar takobin Hausa gajeriya ce, daidai tafin hannu guda, don haka gwada ta a hannun mai ita ba wasa ba ne. Idan ta yi tsawo takobin zai riƙa zamewa, idan ta gajarce hannu zai matse. Maƙerin fari shi ne zai lulluɓe waɗannan sassa da tagulla ko jan ƙarfe, ko azurfa ga mai hali, ya yi musu zane da ɗan kurfi, ya kuma ƙera bakin kube da gindinsa da zobban da hamila za ta shiga.

Sa'an nan a zo ga baduku. Kube yakan kasance da ƙashi na sassaƙaƙƙen itace marar kauri ko busasshiyar fata, a rufe shi da fatar akuya wadda majema suka jeme da bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi. A kan jan ne baduku ke nuna gwaninta: ya danna zane, ya tsaga, ya saka koriyar fata ko baƙa a ƙarƙashi ta riƙa leƙowa. Wani mai takobin yakan sa a ɗinke masa laya a jikin kuben. Daga ƙarshe sai hamila, igiyar ratayawa, wadda ake tufkawa da zare ko alharini, a yi mata tuntaye. Bahaushe a kafaɗa yake rataya takobi, ba ya ɗaura shi a ƙugu kamar sojan Turawa. Tun daga nesa, kafin a ga ruwa, kaurin hamila da ƙyallin azurfa sun riga sun faɗi matsayin mahayin.

Wani abu da ya kamata a lura da shi shi ne, ƙarfe ya fi fata tsawon rai. Ruwa ɗaya yana iya cin kube uku ko huɗu, da ƙota biyu, kafin ya iso hannun jikan jika. Gidan da ke hawan salla ba zai yarda ɗansa ya fita da yagaggen kube ba, sai a kai wa baduku ya sabunta. Don haka tambayar da masu saye ke yi, wai shekarar takobin nawa, ba ta da amsa ɗaya. Yana yiwuwa ruwan ya girmi jihadi, ƙotar ta zamanin Sarki Alu ce, kuben kuma an yi shi ne don babban hawan daba da aka yi a Kaduna a 1956 lokacin ziyarar Sarauniyar Ingila. Mai tarawa na ƙasar waje yakan ɗauki wannan a matsayin aibi, har ya rage kuɗi. A gaskiya kuwa shaida ce ta cewa takobin bai mutu ba, an ci gaba da amfani da shi. Wanda aka samu da tufafinsa na farko cif, sau da yawa wanda aka ƙwace ne a fagen fama aka kai shi Turai, ya kwanta a akwati.

Takobin Hafsan Turawa da Littafinsa

Yana da amfani a kwatanta da yadda abin yake a Ingila, inda tara takubban hafsoshi ya zama fanni mai zaman kansa. A can hafsa shi ke sayen takobinsa da kuɗinsa. Hukumar soja ta ƙayyade siffa, misali siffar 1897 ta hafsoshin ƙasa, wadda hafsoshin da suka ci Kano suka san ta, kuma har yau ita ake riƙewa a fareti. Amma hafsa yana iya sa a zana masa harufan sunansa, ko tambarin gidansu, ko na rundunarsa a jikin ruwan. Kamfanin Wilkinson na Landan, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a, ya fara buga lamba a gadon bayan kowane ruwa tun 1854, yana kuma rubuta lambar a littafi tare da ranar da aka gama aikin, sau da yawa har da sunan mai saye. Kamfanin ya daina ƙera takobi a 2005, amma littattafan suna nan. Mai tarawa yana iya bin lamba ya gano hafsan, daga nan ya bi takardun soja ya san yaƙe-yaƙen da ya halarta. Takubba biyu masu siffa ɗaya, ƙarfe ɗaya, shekara ɗaya, wanda aka san mai shi yakan ninka ɗaya kuɗi. Sojan Nijeriya ya gaji wannan al'ada ta takobin fareti, shi ya sa a Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, takobi ne kyautar ɗalibin da ya fi kowa.

Ashe ko a wurin Bature ba ƙarfen ake saye ba, sunan ake saye. To, baduku da maƙerin Kano ba su ajiye littafi ba. Littafin takobin Hausa shi ne ƙwaƙwalwar dattijon gida, da kirarin da maroƙa ke yi wa mai shi. Inda aka riƙe wannan da kyau, takobin yakan zama abin da kuɗi ba ya saye. Gajere na Katsina, wanda aka ce da shi Korau ya kashe Sanau ya hau sarauta, yana cikin kayan sarautar Katsina. A fadar Daura akwai takobin da ake dangantawa da Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu. A. D. H. Bivar ya yi nazarin irin waɗannan makamai na fadojin Arewa a littafin da ya buga a 1964. Masanin tarihi yana iya jayayya da wani sashe na labarin, amma ba don labarin ba da babu wanda zai waiwayi ƙarfen.

Akwai misali daga yamma da ya haɗa dukkan waɗannan batutuwa. Shehu Umarul Futi, wanda ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har ya auri 'yarsa, ana danganta masa wani lanƙwasasshen takobi da Kanar Archinard na Faransa ya kai ƙasarsu bayan yaƙe-yaƙensa da Ahmadu ɗan Shehun, wanda aka kora daga Bandiagara a 1893. Takobin ya daɗe a gidan tarihin soja na Faris, sai a watan Nuwamba 2019 aka miƙa shi ga Sanigal. Ruwansa ƙirar garin Klingenthal ne na Faransa, irin na hafsoshin ƙasa, ƙota da kube kuwa aikin Afirka ta Yamma ne. Amma da yake waɗanda suka ɗauke shi ba su damu da rubuta labarinsa daga bakin masu shi ba, masana suna gardama a kan ko na Shehun ne ko na ɗansa. Idan takobin mutum kamar Umarul Futi ya shiga wannan hali, ina ga na barden wani ƙauye a gefen Tattarawa?

Dillalai, Jabu da Doka

Hanyar da takobi ke bi ya bar gida sananniya ce. Maigida ya rasu, magada sun yi yawa, ga shi a shari'a takobin da ba na sarauta ba dukiya ce ta gado kamar kowace. Ba ya rabuwa, sai a yi masa kuɗi. Ko kuma damina ta yi gardama, ko bikin 'ya ya taso, dillali kuma ya riga ya san gidan. Ba a ga laifin mai sayarwa ba, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Daga ƙauye sai rumfunan kayan gargajiya na kasuwar Kurmi, daga nan sai Abuja ko Legas, ko ya bi ta Agadas, har ya ɓulla a gidan gwanjo a Turai ko a shafin intanet. A kowane zango ana ƙara kuɗi ana rage bayani. Dillali ba ya faɗin gidan da ya samo, don kada mai saye ya tsallake shi, kuma gidan ma ba ya son a ji ya sayar da kayan kakanni. Kafin takobin ya isa zangon ƙarshe, abin da ya rage a takardarsa bai wuce cewa na Buzaye ne ko na Hausawa, na ƙarni na 19.

Gurbin da labarin gaskiya ya bari, na ƙarya ke cike shi. Ana ƙera sabon ruwa da sifirin mota, a buga masa jinjirin wata, a binne shi ya yi tsatsa, a turara kuben da hayaƙi, a laƙaba masa sunan wani sarki. Ƙera sabon takobi don hawa ko don baƙi sana'a ce ta halal, kuma ita ta riƙe maƙera da dukawa da yawa. Ha'incin yana wurin tsofantar da shi da gangan.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta lissafa makami da sulke da kayan sarauta cikin kayan tarihi, muddin aikin gida ne kuma an yi su kafin 1918, ko suna da muhimmancin tarihi kuma an yi amfani da su a bikin gargajiya. Ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta amince wa, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba da izini ba. Nijeriya ta kuma shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan fataucin kayan tarihi. Sai dai doka ba ta tsare abin da ba ta san da zamansa ba. Takobin da ba a taɓa rubuta shi ko ɗaukar hotonsa ba, in ya fita babu hujjar da za a nemo shi da ita.

Adanawa

Wanda ya zaɓi riƙe takobin gidansu yana da abokan gaba uku: tsatsa, da gara, da kuma ɗoki. Ɗokin ya fi ɓarna. Gab da salla sai yaro ya ɗauko toka da yashi, ko magagari, ya goge ruwan har ya yi fari fat, ya tafi da tambarin da ya shekara 200 yana jiran mai karanta shi. Abin da ruwa ke bukata bai wuce a share shi da tsumma mai laushi ba, a shafa masa ɗan man keken ɗinki, a kuma guji taɓa shi da hannu mai gumi. Kada a bar shi cikin kube shekara da shekaru ba a zare ba, domin fata tana riƙe laimar damina, har ruwan ya manne. Kuben kuma a nisanta shi da ƙasa da jikin bango saboda gara, da kuma rana, domin hunturu kaɗai ya isa ya tsattsage shi. Idan ya zama dole a yi sabon kube don hawa, a ajiye tsohon, kada a bar shi wurin baduku.

Aikin da ya fi gaggawa kuwa ba ya bukatar mai ko tsumma, takarda da alƙalami yake bukata, kuma ɗalibin Hausa da ya je hutu gida yana iya yin sa da yamma ɗaya. A rubuta sunan wanda aka haɗa wa takobin da sarautarsa, da sarkin da ya yi wa barantaka, da yaƙin da aka ce ya je da shi, da hannuwan da ya bi har ya iso yau. A tambayi wanda ya sabunta kuben da lokacin da aka yi. In takobin yana da suna ko mai shi yana da kirari, a rubuta yadda aka faɗa, ba gyara. A auna tsawo da faɗi, a ɗauki hoton fuska biyu na ruwan da kowane tambari. A sa sunan dattijon da ya ba da labarin, da shekarunsa, da wanda shi ma ya ji daga bakinsa. Idan dattawa biyu suka saɓa, a rubuta maganar kowannensu. Takarda ɗaya ta zauna tare da takobin, ɗaya kuma a kai Gidan Makama ko ɗakin karatu na sashe.